Gadau, Garin Da Ke Ƙarƙashin Tsohuwar Hanyar Jiragen Sama

Idan matafiyi ya taso daga Kano ya nufi gabas, ya wuce Wudil da Shuwarin da Kiyawa, ya haye kogi a Jama'are, ba zai daɗe ba zai shiga Azare, garin da ya zama mazaunin Sarkin Katagum tun shekarar 1916. Yawancin motocin da ke bin wannan hanya ba sa tsayawa a nan sai don shan mai da yin salla, daga nan su miƙe zuwa Fataskum da Damaturu har Maiduguri. Amma wanda ya saki babbar hanyar ya karkata arewa, kafin rabin sa'a ya cika zai iske kansa a Gadau.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ba tudun da zai tare wa mutum gani, sai kuka da gawo da tsamiya jefi-jefi cikin gonakin gero da wake da riɗi. Ta wajen kogin Jama'are kuwa akwai fadama, inda ake shinkafa da noman rani. Hausawa da Filani da Barebari sun daɗe da cuɗanya a wannan yanki, har ba kullum ake iya rarrabe wane da wane ba a kasuwa.

Sunan Gadau ya shiga littattafan Turai tun kafin yawancin 'yan Nijeriya su ji shi. Tsakanin shekarun 1920 da 1930 Turawan mulki suka kafa tashar binciken ƙudan tsando da ciwon barci a garin, kuma a nan ne wani masanin ƙwari, Dokta T. A. M. Nash, ya fara aikinsa na Nijeriya cikin 1933. A zamanin nan kuwa abin da aka fi sanin Gadau da shi shi ne jami'ar da Gwamnatin Jihar Bauci ta kafa cikin 2011, wadda daga baya aka sa mata sunan marigayi Malam Sa'adu Zungur. Ita ta kawo wa garin ɗalibai daga kowace kusurwa, da shagunan buga takardu, da kwamfutoci, da faifan hasken rana a bisa rufin kwano.

To, amma akwai wani abu game da Gadau wanda ba a ganinsa a ƙasa, sai an ɗaga kai sama. Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya ja miƙaƙƙen layi daga Maiduguri zuwa Kano, zai ga layin ya ratsa dab da garin. Wannan layi kuwa shi ne hanyar jiragen sama mafi tsufa a ƙasar nan.

Ran 1 ga watan Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila samfurin DH.9A suka sauka a Kano. Sun taso ne daga Helwan ta ƙasar Masar ran 27 ga Oktoba, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Hartum da El Fashir da Fort Lamy, watau Njamena ta yau, suka yada zango a Maiduguri, sannan suka yi yamma. Jiragen nan fukafukansu katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle, aka shafe ƙyallen da wani irin fenti mai ruwan azurfa wanda ke ɗame shi kamar fatar ganga, yana kuma kare shi daga cin rana. Watau ke nan a wancan lokaci fenti ba ado ba ne kawai, in babu shi jirgin ba ya ƙarko. Cikin adon da ke jikinsu akwai da'irar shuɗi da fari da ja, shaidar cewa na Sarkin Ingila ne.

Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano ta wannan hanya. Amma lokacin da sararin ƙasar Katagum ya sha rugugin jirage da gaske shi ne zamanin Yaƙin Hitila. Da hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su taso ayari-ayari ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ƙetare Cadi da Sudan zuwa Alƙahira. Ayari na farko ya tashi cikin Satumba 1940, babban jirgi guda samfurin Blenheim yana gaba kamar madugu, ƙananan Hurricane shida na biye, kuma kafin 1943 ta ƙare jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wani abin lura shi ne, jiragen an yi musu fentin ɓad-da-kama ne don kada abokan gaba su hange su, amma a wannan tafiya sai aka riƙa shafa wa waɗansunsu farin fenti a wutsiya. Dalili kuwa, idan inji ya mutu jirgi ya sauka cikin daji, fentin da aka yi don ɓoye shi sai ya ɓoye shi daga masu nemansa. Farin shi ne ke nuna inda ya faɗi.

Waɗannan jirage wucewa suke yi ta bisa Gadau, ba su sauka. Abin da ke sauka a ƙasar Katagum, ya kwana, ya yi lodi, shi ne babbar mota, kuma ita ma tana da nata fentin. Wanda ya tsaya a tashar Azare ya dubi manyan motocin nan masu bodin katako, zai ga ba biyu da suka yi kama, ko da kuwa kamfani ɗaya ya ƙera kansu. Wannan an zana mata zaki, waccan gaggafa, wata masallaci mai hasumiya, wata kuma jirgin sama yana keta gajimare, ga rubutu a goshi ko a murfin baya, na addu'a ko na habaici. Mai fentin da ya yi aikin ba kasafai ya shiga makarantar zane ba. A gindin ubangidansa ya koya, da buroshi da gwangwanin fenti da zaren awo. Amma ɗan kamasho da bai iya karatu ba yana hango mota tun daga nesa ya faɗi ta wane ce, da direbanta, da garin da ta fito. Fentin ya zame wa motar suna. Irin wannan ne magina na Zariya suka yi a bangon gidaje, inda suka shigar da keke da sauran kayan zamani cikin tsohon zanen dagi.

Kamfanonin jiragen sama ba wani abu suke yi daban ba, sai dai nasu ya fi tsada. Launi da rubutu da tambarin da kamfani ke yi wa jiragensa duka bai ɗaya, shi za mu kira rigar jirgi. Babban jirgi irin Boeing 747 yakan sha fenti na ɗaruruwan kilo, nauyin da zai yi ta ɗauka duk inda ya nufa, shi ya sa ba a lafta shi barkatai. Fari ya fi yawa domin yana mayar da zafin rana, kuma tsaga ko yoyon mai sun fi saurin bayyana a kansa.

Rigar da dattawan ƙasar nan suka fi sani ita ce ta Nigeria Airways. Kamfanin ya samo asali ne daga West African Airways Corporation, wanda aka kafa cikin 1946 don ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, ya kuma tsaya da ƙafarsa cikin 1958. Rigarsa fara ce mai ɗamarar kore, launin tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana cikin 1959, a wutsiya kuma ga giwa mai fukafukai, wadda ya gada daga tsohon kamfanin. Masu barkwanci sun sha cewa wanda ya zaɓi giwa ta zama tambarin abin da ke tashi sama ya riga ya yi wa kamfanin baki. Duk da haka giwar ta tashi shekara da shekaru, a jikin Fokker F27 da F28 masu zirga-zirgar cikin gida, da Boeing 707 da 737, da Airbus A310, da DC-10 mai zuwa Landan da New York. Har ma DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, Nigeria Airways aka miƙa wa shi cikin 1989.

Ga mutumin Gadau ko Itas ko Madara, wannan riga da aikin Hajji take tafe a zuciya. Maniyyaci ya sayar da gyaɗa ko shanu, ya hau mota zuwa sansanin alhazai a Kano, ya kwana nawa yana jiran a kira sunansa, ran da ya taka matakalar jirgi kuwa ya ga kore da fari, ya san niyya ta fara cika. Sai dai ko a wancan zamani ba kowane jirgin da ke ɗauke da sunan kamfanin a tikiti ne nasa ba, domin a lokacin Hajji haya ake yi. Jirgin da ya yi hatsari a Kano ran 22 ga Janairu 1973, inda mutum 176 suka rasu, na kamfanin ƙasar Jodan ne. Wanda ya faɗi a Jidda ran 11 ga Yuli 1991 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, da mutum 261 a ciki, na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair. Allah ya jiƙansu da rahama.

Bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka ci kamfanin sannu a hankali, har ya daina tashi cikin 2003. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda aka kafa cikin 1980 ya kuma yi shekaru yana jigilar alhazai, shi ma ya kwanta. Waɗansu sun taso a bayansu, irin su Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina, kuma tun 2014 Bauci da Dutse suka sami sababbin filayen jirgi. Amma saurayin da ke karatu a Gadau yau, an haife shi ne bayan giwar ta sauka saukar ƙarshe. Bai taɓa ganinta a sama ba, jiragen da suka ɗauke ta kuwa yawancinsu an daddatsa su an sayar da ƙarfen.

Wuri ɗaya ya rage inda take tashi, watau cikin kwamfuta. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama, inda mutum zai zauna gaban allo ya ga ɗakin matuƙi da agogunansa duka, ya ta da inji, ya tashi daga wannan fili ya sauka a wancan. Wadda ta fi suna ita ce Microsoft Flight Simulator, da ta fara fitowa cikin 1982. Akwai X-Plane, akwai kuma FlightGear wadda kyauta ce. Waɗannan ƙanne ne ga manyan na'urorin da ake horar da matuƙa da su a makarantu irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964. Fitowar Microsoft ta 2020 an gina ta ne da hotunan tauraron ɗan'adam na duniya baki ɗaya, saboda haka wanda ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya fuskanci gabas, bayan wajen kilomita 180 zai hango kogin Jama'are yana lanƙwasa, da Azare a dama, da Gadau a ƙarƙashinsa, kamar dai yadda ayarin Takoradi suka gan su.

Jiragen da ke cikin waɗannan manhajoji sukan zo ne da rigunan manyan kamfanonin Turai da Amurka, ko kuma fari fat. Wanda yake son ya ga kore da fari sai ya nemi wanda ya ɗinka, ko ya ɗinka da kansa. Masu wannan sha'awa suna ko'ina a duniya, yawancinsu ba don kuɗi suke yi ba, in sun gama sukan saka aikin a intanet kowa ya ɗauka.

Yadda ake aikin yana da ban sha'awa, kuma ya fi kusa da sana'o'in gida fiye da yadda ake zato. Jirgin cikin kwamfuta siffa ce mai tsawo da faɗi da kauri, amma launinsa yana ajiye ne a wani shimfiɗaɗɗen hoto daban, wanda manhajar ke naɗa masa a jiki. Idan aka buɗe wannan hoto ba za a ga jirgi ba, sai dai wani abu kamar fatar da mahauci ya feɗe aka shanya: gefen dama a nan, gefen hagu a can, ga wutsiya a kusurwa, ga murfin inji a yanke gida biyu, wani ɓangaren ma a kife. Mai zane zai buɗe shi a manhajar gyaran hoto, irin Photoshop ko GIMP wadda ba a saye, ya yi aikinsa falle-falle, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora wata bisa wata. Fallen ƙasa shi ne launin jiki. A bisansa ɗamara da rubutu da tambari. A can sama kuma akwai fallen da masu ƙera jirgin suka tanada, mai ɗauke da layukan ƙofofi da tagogi da kawunan ƙusoshi da inuwa, wanda ba a taɓa shi, don kada fentin ya shafe su jirgin ya koma kamar na roba. Amfanin wannan tsari shi ne, in koren bai yi ba, a sake shi kaɗai ba tare da an ɓata rubutu ba, abin da mai fentin tashar Azare zai so a ce buroshi ma yana yi.

Wahalar tana wurin haɗi. Ɗamarar da ta taso daga hanci ta nufi wutsiya takan ratsa yanki uku ko huɗu na hoton, in kuwa aka kuskure da ko ɗigo biyu ne, sai a ga ta karye a jikin jirgin kamar ɗinkin da tela ya haɗa hannun riga a karkace. Inda jiki ya lanƙwasa, kamar hanci, miƙaƙƙen layi yakan fito a karkace, dole mai zane ya karkatar da shi da gangan don ya fito a miƙe. A waɗansu jiragen kuma hoto ɗaya ne ke rufe dama da hagu, sai rubutu ya fito daidai a gefe guda, a ɗayan ya juya kamar a madubi. Babu wata dabara sai a ajiye hoton a irin tsarin da manhajar ke karantawa, a buɗe jirgin a zagaya shi, a ga aibin, a koma a gyara, a sake buɗewa. Rigar jirgi guda takan ci mutum kwanaki, balle a inda wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama.

Gwanaye ba sa tsayawa nan. Jirgin da ya fito tas kamar yau aka wanke shi ba ya kama da gaskiya, saboda haka sukan ƙara fallen dauɗa: baƙin hayaƙi a bayan inji, zirin mai a ƙarƙashin fiffike, koɗewar launi a gadon baya inda rana ke duka. Baturen da ke zana jirgin Nigeria Airways a ɗakinsa na Jamus zai sa masa irin dauɗar da ya sani, ta ruwan sama da toka-toka. Wanda ya tashi a ƙasar Katagum kuwa ya san kalar da hazon hunturu ke bari a jikin ƙarfe, ya san yadda jar ƙura ke maƙalewa a kowace tsaga. Wannan sani ba a samunsa a littafi.

Abu na ƙarshe da mai zane ke rubutawa shi ne lambar rajista a kusa da wutsiya, kuma ita ce masu wannan sha'awa suka fi tsanantawa a kai. Kowace ƙasa da harufanta: Nijeriya 5N, Nijar 5U, Habasha ET. Riga ta kamfani ce, ana iya tuɓe ta a sa wata cikin 'yan kwanaki, amma lambar ita ke faɗin ƙasar da jirgin ke rajista. Wanda ya zana DC-10 ya sa masa lambar Boeing 707, 'yan uwansa ba za su ƙyale shi ba.

Wannan ƙaramin ilmi ya yi rana a ƙasar nan. Cikin Yuli 2018, a bikin nunin jirage na Farnborough a Ingila, Ƙaramin Ministan Jiragen Sama Hadi Sirika ya bayyana sabon kamfanin ƙasa mai suna Nigeria Air. Abin da aka nuna a ranar suna ne da tambari da hoton rigar, jirgin kansa babu. Ran 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sauka, sai ga Boeing 737 ya sauka a Abuja sanye da wannan riga, aka yi masa maraba da feshin ruwa. Ba a kwana ba masu lura suka karanta lambar da ke jikinsa, ET-APL, suka gane na kamfanin Ethiopian Airlines ne. Jirgin ya koma Adis Ababa, shugaban riƙo na Nigeria Air ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa hayarsa aka yi, gwamnatin da ta biyo baya kuma ta dakatar da shirin. Yaron da ya yi wa jirgin kwamfuta riga bai ce da kowa ya sayi tikiti ba, bai kuma taɓa kuɗin jama'a ba. Na Abuja fa, da sunan ƙasa aka yi shi.

Abin da ke ba masu zanen tsofaffin riguna wuya shi ne shaida. Rigar Nigeria Airways ta sauya fiye da sau ɗaya tsakanin 1958 da 2003, ta fuskar faɗin ɗamara da siffar harufa da abin da ke wutsiya, saboda haka dole mai zane ya zaɓi jirgi guda da shekara guda ya bi. Hotunan da ake samu yawancinsu Turawa ne suka ɗauka a filayen Landan da Amsterdam, na manyan jirage ke nan. Ƙananan da suka yi ta safara tsakanin Kano da Maiduguri, waɗanda su ne suka fi ratsa samaniyar Gadau, hotunansu ba su kai haka yawa ba, tsohon hoto kuma launinsa gudu yake yi, kore ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ganye. Wanda yake neman ainihin koren sai ya haɗa da abin da ba ya koɗewa da sauri, irin bangon tikiti, da takardar da ake ɗaura wa kaya, da jakar rataya mai tambarin giwa. Irin waɗannan kuwa ba a Turai suka fi yawa ba. Suna cikin adakar tsofaffin alhazai a Azare da Gadau da Shira da Gamawa, a naɗe tare da fasfon Hajji da tasbahar da aka sayo a Madina.